Yadda ɗigon mai ya cinye kulocin Peugeot 504 ta mahaifina

Motar da zan yi magana a kanta Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, ƙirar 1984, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya sabuwa fil lokacin da yake aikin koyarwa, ta kuma faɗo a rabona ranar da aka raba gado saboda babu wanda ya ɗaga ido ya dube ta a cikin 'yan'uwana. Shekararta shida ke nan a hannuna, kuma a cikin shidan na yi aƙalla huɗu ina ganin wani ɗan tabon mai a kan simintin da take kwana, daidai ƙarƙashin wurin da inji ya haɗu da giyabos. Tabon bai wuce faɗin kwabo ba, kuma duk wanda na nuna wa sai ya yi dariya ya ce ai tsohuwar fijo ce, ranar da ta daina ɗigo ma sai a yi zargin babu mai a cikinta. Na karɓi wannan magana domin ta yi mini daɗi, na riƙa ƙara mai duk bayan 'yan watanni ina ganin dabara nake yi.

Alamar farko da ta nuna cewa ɗigon ya wuce abin raini ita ce karkarwa. Da safe, idan na sa giya ta ɗaya na fara sakin kuloci, sai motar ta riƙa jijjiga tun daga sitiyari har kujerar baya kafin ta miƙe, kamar jakin da ake kora yana tirjewa. Na ɗora laifin a kan robobin da inji ke zaune a kansu, na sa aka canza su, karkarwar ba ta tafi ba. Bayan wata biyu muka kama hanyar Jos zuwa ɗaurin aure, mu biyar a ciki da kaya a but. Har muka wuce Saminaka lafiya lau, amma da muka fara hawan tudun da ke kai mutum Filato, na taka totur a giya ta huɗu sai na ji inji ya ɗaga murya, motar kuwa ba ta ƙara ko taki ɗaya a gudunta ba. Jim kaɗan wani ƙauri ya cika mana hanci, irin na birkin babbar mota idan ta sauko gangare da lodi. Da giya ta biyu muka lallaɓa muka isa, da lallaɓawa kuma muka dawo. Washegari na yi mata gwajin da kowane tsohon direba ya sani: na ja birkin hannu, na sa giya ta huɗu, na ɗan ba ta wuta na saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci kashe inji yake yi nan take, domin babu inda ƙarfin zai tafi. Nawa bai kashe shi ba. Injin ya ci gaba da juyawa kamar ban sa giya ba.

Ya kamata in ɗan bayyana abin da ke cikin wurin, domin wanda bai taɓa ganinsa a buɗe ba zai yi mamakin yadda cokali ɗaya na mai ke tsayar da mota. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi, wanda makanikai ke kira fulawil. A jikinsa aka ɗaure murfin matsi, wato filet, mai ɗauke da sifirin na ƙarfe da aka tsattsaga kamar yatsu suna fuskantar tsakiya. Tsakanin waɗannan biyu ne faifan kuloci yake, wanda a gareji ake ce wa dis, kuma a wannan mota faɗinsa milimita 215 ne, an lulluɓe fuskokinsa biyu da wani abu mai kaushi irin na takalmin birki. Cibiyar faifan tana zaune a kan haƙoran sandar da ta fito daga gaban giyabos. Muddin ƙafarka ba ta kan kuloci, filet yana danne faifan a jikin fulawil, ƙarfin inji ya bi ta sandar ya shiga giya. Idan ka taka, wani boris ya tura yatsun nan, matsin ya saki, inji da giya su rabu. Duk aikin ya dogara ne ga kaushi da bushewa. Da zarar mai ya jiƙa faifan, sai ya fara kamawa yana saki, wannan ita ce karkarwar. Idan zafi ya gasa man ya zama santsi a kan fuskar, sai ya daina kamawa gaba ɗaya, wannan shi ne abin da ya same mu a hanyar Jos.

Na kai ta wurin wani dattijon makaniki da ya yi wa mahaifina aiki shekaru masu yawa, wanda tun ina yaro nake kiransa Baba, kuma har yau fijo kaɗai yake taɓawa. Bai buɗe komai ba tukuna. Ya shiga rami da tocila, ya shafo man da ke ƙasan ƙwaryar kuloci da yatsa, ya fito haske ya murza shi, sannan ya zaro sandar awon baƙin mai ya ɗiga na inji a ɗaya yatsan ya haɗa su yana kallo.

"Baba, me kuka gani?"

"Ɗana, tun yaushe take wannan ɗigon?"

Na ce an ɗan jima. Ya ce an ɗan jiman nan shekara nawa ce, na faɗa masa, ya girgiza kai bai ƙara magana a kai ba, abin da ya fi mini zafi fiye da faɗa.

Dalilin haɗa yatsun nan shi ne, man da ya taru a wannan wuri yana iya fitowa daga ɗayan wurare biyu, ko daga bayan inji ko daga gaban giyabos, kuma kuskure a nan yana nufin a sauke kaya sau biyu. A yawancin motoci hanci ne ke raba gardamar, domin man giya yana da wari mai ƙarfi na farar wuta wanda baƙin mai ba shi da shi. Amma giyabos mai giya huɗu da ke cikin 504, wanda kamfanin ya sa wa suna BA7, man inji aka tsara a zuba masa, ba man giya mai kauri ba, saboda haka warinsu ɗaya. Abin da ya rage shi ne launi. Man da ya yi aiki a inji baƙi ne saboda hayaƙin ƙonewa, na giyabos kuwa yana daɗewa da haskensa kamar zuma. Wanda Baba ya shafo, duk da ƙurar kuloci da ta gauraya da shi, ya fi na injin haske nesa ba kusa ba. Ya kwance notin da ake cika mai ta gefen giyabos ya zura yatsa, bai taɓo komai ba. Hukuncinsa shi ne zoben robar da ke tare mai a wuyan sandar gaba, wato oyil sil, ya mutu, kuma tunda za a sauke giyabos to a canza zoben da ke bayan giyabos ɗin ma.

Wanda ya saba da motocin zamani zai ɗauka sauke giyabos a mota mai ja da tayoyin baya abu ne mai sauƙi: a kwance farfela a ajiye gefe, a ja giyabos baya. A 504 ba haka abin yake ba. Masu ƙirar a Faransa, da suka fito da ita a 1968, sun sa farfelar a cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ya tashi daga bayan giyabos ya tafi ya ɗaure da tulun aksul ɗin baya. Wannan bututu yana daga cikin dalilan da suka sa motar ta jure hanyoyinmu, domin yana kare farfela daga dutse da taɓo, yana kuma riƙe kayan baya a tsaye idan an ba ta wuta; ba banza ba ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a masana'antar Kakuri da ke Kaduna, aka kuma ci gaba da harhaɗa 504 a can fiye da shekara ashirin bayan an daina yin salun ɗinta a Faransa a 1983. Amma abin da ya zama kariya a kan hanya shi ne wahala a gareji, domin giyabos ba shi da inda zai matsa sai an sassauta aksul an ja shi baya tare da bututun. Wannan ne ya sa makanikai da yawa, idan kuloci kaɗai za su canza, suka fi son su ɗaga injin ta sama su bar giyabos a wurinsa. Mu da muke son isa ga zoben baya, ba mu da wannan zaɓi. Baba ya ce aikin kwana biyu ne idan babu noti mai taurin kai. Ya ɗauke mu uku.

Kafin a taɓa sifana sai da na yi yini guda ina neman kaya, kuma a nan na fahimci cewa ganin 504 a ko'ina a da bai sa kayanta na ƙwarai sun zama masu sauƙin samu a yau ba. Faifai da filet da boris na same su a kwali ɗaya, na wani kamfanin Faransa da ya daɗe yana yi wa Peugeot kuloci, kuma na biya kusan ninki biyu na kuɗin wanda aka fara miƙo mini. An yi mini tayin na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga wata motar, na ƙi, domin ban ga hikimar sauke giyabos don a sa abin da wani ya riga ya ci rabinsa ba. Zoben robar ne ya fi ba ni wahala duk da cewa kuɗinsa bai kai na litar baƙin mai biyu ba. A wani shago an ba ni wanda girmansa ya yi daidai, amma da na lanƙwasa leɓensa da farce sai ya tsaya a lanƙwashe bai koma ba, kuma sifirin ɗin da ke cikinsa sako-sako yake kamar zaren da ya tsufa. Baba ya riga ya koya mini cewa lambobi ukun da ake rubutawa a jikin kowane zobe ma'auninsa ne a milimita, faɗin ciki da faɗin waje da kauri, saboda haka da lambobin na riƙa tambaya, ba da sunan mota ba. A shago na huɗu na samu mai kyau, na gaba da na baya, kuma wani tunani ya sa na sayi na gaban guda biyu.

Ranar farko ta tafi ne a kwance-kwance. An cire kan batir, an tsiyaye ɗan man da ya rage a giyabos, wanda bai cika gwangwanin madara biyu ba alhali ya kamata a samu lita ɗaya da 'yan kai. An sauke bututun salansa daga wuyan inji, an cire kik, an zare wayar sifidomita da wayoyin fitilar ribas, an saki sandunan da ke haɗa libar giya da giyabos. Kulocin wannan mota da man birki yake aiki, ba da waya ba. Akwai tulu ɗaya a sama kusa da feda, akwai ɗaya a ƙasa a jikin ƙwarya, su ne makanikai ke kira kulocin sama da kulocin ƙasa. Na ƙasan aka zare aka rataye shi gefe da waya ba tare da an kwance tiyonsa ba, don kada iska ta shiga. Sannan aka koma baya aka tallafe aksul da jak, aka saki abin da ke riƙe da shi, aka kwance kusoshin da suka haɗa bututu da giyabos, yara biyu suka ja shi baya har haƙoran farfela suka fita. Ɗaya daga cikin kusoshin nan ne ya cinye mana la'asar, domin wani da ya taɓa aiki a wurin a shekarun baya ya cinye kansa da makullin da bai dace ba, sai da aka yi masa walda da wani noti sannan ya juya. Da aka cire bututun sai ga mai yana gangarowa daga cikinsa, wanda ya nuna cewa zoben baya ma ya daɗe da mutuwa, sai dai shi ɓarnarsa a ɓoye take, domin man cikin bututu yake bi ba ya sauka ƙasa. Kafin a bar inji ya karkata baya Baba ya sa aka duba tazarar fanka da lagireto, ya ce ya ga lagireto da yawa da aka fasa ta wannan hanya ana tsakiyar aikin da bai shafe su ba.

Da safiyar rana ta biyu giyabos ya sauka, muka ga cikin ƙwarya. Ko'ina ya yi baƙi da wani kunu na mai da ƙurar kuloci. Wani yaro ya ɗauko tiyon iska zai hure wurin, Baba ya daka masa tsawa, kuma ya yi daidai, domin tsofaffin faifan kuloci da takalman birki da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa idan ta shiga huhu ba ta fita. Da tsumma da kananzir aka wanke. An sassauta kusoshin filet kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, don kada sifirin ya murɗe murfin, har faifan ya zame ya faɗo hannu. Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne faifan bai cinye ba. Naman da ke kansa yana da saura sosai, kan ƙusoshin da suka riƙe shi ma bai fito ba, kuma da busasshe ne da ya ƙara shekaru. Amma ya sha mai har ya yi nauyi, fuskarsa tana ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa an goge. Zoben robar da ya jawo wannan duka, da aka zaro shi, ya bushe ya zama kamar ƙashi, na matsa shi da yatsu biyu ya tsage. Raina kama ka ga gayya.

A nan ne muka yi 'yar muhawara da babban yaron garejin, wanda ya ba ni shawara, da kyakkyawar niyya, cewa a wanke faifan da fetur, a cinna masa wuta man ya ƙone, a goge shi da sanfefa a mayar, in mayar da sabon shago in karɓi kuɗina. Na san ana yin haka, na kuma san dalilin da ya sa ake yi, domin direban da motar ce abincinsa ba kullum yake da kuɗin sabon kuloci ba. Amma ban yarda dabara ce ga wanda yake da zaɓi ba. Man da ya shiga cikin naman faifai ba a sama kawai yake ba, kuma duk lokacin da faifan ya yi zafi sai ya sake tsattsafowa. Wutar kuma tana lalata ƙaron da ya haɗa naman, tana kashe ƙarfin ƙananan sifirin ɗin da ke cibiya. Sannan lissafin ma bai fita ba, domin tsadar wannan aiki ba a kayan take ba, a isa wurin take. Kwana biyu na mutum uku aka kashe kafin a ga faifan da ido, kuma duk abin da aka mayar da shi da rauni, wannan kwana biyun za a sake biya don a kai gare shi. Baba bai sa baki ba sai da muka gama, sannan ya ce wa yaron ya kawo sabon kwalin. Da wannan lissafin aka canza boris duk da cewa bai fara kuka ba, aka duba cokalin da ke tura shi da ƙwallon da yake juyawa a kai, aka kuma canza ɗan bushin da ke tsakiyar bayan inji inda kan sandar giyabos ke shiga, domin idan ya yi sako-sako sandar tana rawa, rawar kuma ita ce ke cin leɓen sabon zobe. Fulawil ya yi tabo shuɗi-shuɗi na zafi a wurare biyu amma bai tsage ba, bai kuma yi kwari ba, saboda haka sanfefa da fetur suka ishe shi.

Sa zoben ne na roƙa a bar ni in yi da hannuna, kuma a nan na biya kuɗin makaranta. Ƙa'idodinsa ba su da yawa. Leɓen da ke ɗauke da sifirin shi ne ke fuskantar wurin da mai yake, domin matsin man ya riƙa ƙara danne shi a jikin sanda. Ana shafa wa leɓen mai kafin a sa, don kada ya fara aiki a bushe ya ƙone a juyin farko. Ana duba wurin da tsohon ya zauna a jikin sanda, a bi shi da farce. Idan ya yi kwarin da farce ke maƙalewa, sabon zobe ba zai tare komai ba sai an ɗan sauya zurfin zamansa ko an yi wa sandar riga. Tamu ta yi layi mai ƙyalli kawai, babu kwari. Ana kuma buga shi ne da abu mai faɗin da ya yi daidai da bakinsa na waje, ya shiga a miƙe, ba a bi shi da guduma gefe-gefe ba. Duk waɗannan na kiyaye. Abin da na manta shi ne haƙoran sanda suna da kaifi, kuma a kansu zoben zai bi kafin ya kai mazauninsa. Na tura shi haka nan, na ji ya wuce, na yi murmushi. Baba ya ce a zaro a duba. Da aka zaro aka ɗaga shi a haske, sai ga wata 'yar tsaga a leɓen wadda ba ta fi kaurin gashi ba, kuma wannan ta isa ta mayar da mu inda muka fito cikin wata shida. Na ciro na biyun daga aljihu ba tare da na ce komai ba, aka naɗe haƙoran da leda mai laushi aka shafa mata mai, ya zame ya wuce lafiya. Na baya Baba ne ya sa da kansa, ban yi gardama ba.

Mayar da kuloci yana da wuri ɗaya da ba ya yafe kuskure, wato daidaita faifai a tsakiya. Idan aka ɗaure filet alhali cibiyar faifan ba ta yi saiti da bushin da ke bayanta ba, sandar giyabos za ta shiga haƙoran ta ƙi ƙarasawa, a yi ta fama a ƙarƙashin mota da ƙarfe mai nauyi a ƙirji. Baba yana da tsohuwar sandar giyabos ta 504 da ya yanke tun shekaru, ta yi sumul saboda yawan hannu, ita ya zura ta riƙe faifan yayin da ake ɗaure kusoshi bi da bi, kowanne rabin juyi, har murfin ya zauna daram. An tabbatar gefen faifan da cibiyarsa ta fi tudu yana kallon giyabos. A kan haƙoran sanda giris kaɗan aka shafa aka kuma goge rarar, domin giris mai yawa idan ya watsu a juyi zai yi wa sabon faifai abin da mai ya yi wa tsohon. Da aka ɗaga giyabos ya shiga ya rage kamar faɗin yatsa, wani yaro ya kawo dogon kusa zai ja shi da shi, Baba ya hana, ya ce abin da bai shiga da hannu ba kusa ba zai shigar da shi ba sai dai ya fasa ƙwarya ko ya lanƙwasa faifai. Aka sa giya ta huɗu aka ɗan juya sandar baya, aka girgiza shi, sai ya faɗa da kansa da wata ƙara mai daɗin ji.

Rana ta uku aka mayar da bututu bayan an wanke cikinsa an cika haƙoran farfela da giris, aka ɗaure aksul da salansa da kik. An zuba man inji a giyabos motar tana tsaye a wuri mai daidai, har ya fara dawowa ta ramin gefe, aka tsaya. Cika shi fiye da haka ba alheri ba ne, domin rarar man matsa wa zobe take yi. Mun ɗauka an gama, sai aka ga robar kulocin ƙasa tana jiƙe da man birki, saboda haka duk taka-tsantsan ɗin da aka yi na kada a kwance tiyo ya tashi a banza. An canza robobin, aka zo fitar da iska, feda ya ƙi tashi daga ƙasa duk yawan bugun da aka yi masa. Kulocin 504 ya yi suna wajen wannan taurin kai, kuma maganinsa, wanda ban taɓa gani ba sai ranar, shi ne a tura man daga ƙasa zuwa sama: aka haɗa siririn tiyo daga nonon fitar da iska na birkin gaba zuwa na kulocin ƙasa, aka buɗe su biyun, na riƙa taka birki a hankali, man ya bi ya kori iskar ta fito ta sama. Cikin minti biyar feda ya yi tauri.

Sabon kulocin yana kamawa ne tun feda yana kusa da ƙasa, kuma ya fi tsohon laushi a ƙafa, har sai da motar ta mutu mini sau biyu kafin in fita daga layin garejin, yaran suna dariya. Karkarwar ta tafi. Baba ya ce in yi mata kilomita ɗari biyar a cikin gari ba tare da lodi ko fizga ba, in kuma daina ɗora ƙafa a kan kuloci a danja ina jiran hannu, ɗabi'ar da ya ce ya lura da ita tun ranar da na shigo, kuma a wurin mahaifina na gaje ta. Tun daga daren farko nake shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta in duba da asuba bayan na dawo daga masallaci. Yau mako na bakwai, wurin da ke ƙarƙashin ƙwaryar kuloci a bushe yake. Shekaranjiya dai na matsar da kwalin zuwa baya don in gani, kuma jiya da safe na tarar da ɗigo ɗaya daidai ƙarƙashin tulun aksul, mai kauri, mai warin farar wuta. Na riga na gaya wa Baba, ya ce in kawo ta ranar Asabar.